Na sha wuya kafin na gane tsohuwar manhajar shagonmu, in koya wa wani a kyauta?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni mai rubuta manhaja ne, ina kula da kwamfutocin wani babban shagon sari a nan Gombe. Lissafin shagon gaba ɗaya, kayan sito, bashi, rasit, yana cikin wata tsohuwar manhaja da aka rubuta da FoxPro, wani tsohon yaren rubuta manhajar adana bayanai, tun ina firamare, wanda ya rubuta Allah ya masa rasuwa kuma ko takarda ɗaya bai bari ba. Wata takwas na yi ina tono kafin na gane kanta. Yanzu wani yaro daga Bauchi ya samu lambata, wai ogansa ma irinta gare shi, marigayin ne ya saka musu, yana roƙo in koya masa. Abokaina sun ce kar in kuskura, wai abincina ne. Dan Allah meye shawara? Daga Auwal, Jekadafari.

AMSA: Wa alaikumus salam Auwal ƙanena. Allah ya jiƙan marigayi. Ka koya masa, amsar kenan a taƙaice, sai dai akwai abin da naka ne akwai wanda ba naka ba, zan zo kansa.

Bari mu fara da maganar abinci. Abokanka na kallon abin kamar wata haja ce da za ta daɗe tana kawo kuɗi, alhali Microsoft da ta sayi kamfanin Fox, masu FoxPro, a 1992 ta tsaya ne a Visual FoxPro 9, a 2007 ta sanar ba za ta fitar da na 10 ba, a Janairun 2015 kuma ta janye hannu kwata-kwata. In ma naku irin na DOS ne, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, mai shuɗin allon nan to ko tashi ba zai yi a Windows mai 64-bit ba sai an bi ta DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ko makamancinsa. Kaga abin da kake karewa kullum raguwa yake. Sannan ka duba halin da kake ciki yanzu, ba hutu, ranar sallah ma in rasit ya ƙi fita kai za a kira, ko bikinka ake. Wannan ai ba riƙe sana'a ba ne, kai aka riƙe. Ba mu kaɗai ba ne fa, a Afrilun 2020 lokacin korona gwamnan New Jersey a Amurka ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren rubuta manhaja da aka ƙirƙira tun 1959, don manhajar biyan marasa aikin yi ta kasa ɗaukar nauyin jama'a, masu iya ta kuma sun yi ƙaranci.

Ni kaina na taɓa ƙonewa shi ya sa nake zafi a kan maganar. Shekarun baya an kira ni wani shago a Bauchi manhajarsu na jan ƙafa, na buɗe fayil ɗin .dbf, wato teburin da bayanai ke jere a ciki layi-layi, na ga layuka birjik an musu alamar gogewa amma suna nan, dama haka FoxPro yake, in ka goge abu alama kawai yake sa masa sai ka ba da umarnin PACK sannan ya tafi gaba ɗaya. Na ce ai ga datti, na buga PACK ina jin kaina gwani. Washegari Alhaji ya ce a fito masa da kayan da kwastomomi suka dawo da su, ashe wanda ya rubuta manhajar a waɗannan layukan yake ajiye su. Wlh gumin da na yi ranar ba na zafin Bauchi ba ne. Allah ya taimake ni akwai kwafin satin da ya wuce a wani filash. Layi ɗaya tak da wani ya rubuta a littafi, kar a yi PACK a wannan teburin, da ya ishe ni.

Toh irin wannan shi ne ilimin, kuma shi nake so ka fara rubutawa tun kafin yaron ya hawo mota. Sayi littafi mai kauri ko ka buɗe fayil. Kowane tebur da aikinsa, kowane gurbi da ma'anarsa, musamman masu suna irin KD2 da ba wanda zai gane cewa 1 an biya, 2 bashi ne, 9 kuma ɗan'uwan mai shago ne ba a tambayarsa. Wane .fpt, fayil ɗin da ke riƙe dogayen rubutun tebur, ne ke tafiya da wane .dbf, don in ka kwafi ɗaya ka bar ɗayan ka yi aikin banza. Me kake yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki .cdx, fayil ɗin da ke jera bayanai don saurin nema, ya lalace, umarnin REINDEX na isa ko sai an sake gina shi daga farko, in haka ne da waɗanne umarni. Ka rubuta cewa tebur ba ya wuce 2GB. Ka rubuta duk inda aka dasa harajin VAT a cikin kod, na tabbata ka sha fama da shi, don daga kashi 5 aka mai da shi 7.5 a Fabrairun 2020 kuma tsofaffin manhajojin nan da yawa 0.05 suka rubuta ɓaro-ɓaro a wurare barkatai. Har abin da ka gwada bai yi ba ka saka, wani lokacin ya fi amfani.

Yanzu abin da ba naka ba. Sunayen kwastomomi, lambobin waya, wa ake bi bashi, farashin da ogan ka ke saro kaya, duk amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Kar ka ce bari in tura masa folda ɗin gaba ɗaya ya duba da kansa, ogan Bauchi ma ai ɗan kasuwa ne. Ka kwafi tsarin teburan babu komai a ciki, ka zuba sunayen bogi guda goma, da shi za ku yi karatu. Shi kuma asalin kod ɗin, wato fayilolin .prg in kana da su, ka nemi izinin mai shago tukuna, don ko dai shi ya saya ko kuma haƙƙin magadan marigayi ne, ba naka ba ne da za ka yi kyauta da shi.

Maganar kuɗi ba ta da wuya. Koya wa ɗan'uwanka yaro daban, yi wa ogansa aiki daban, in ya ce ka je Bauchi ka gyara musu ka faɗi kuɗinka har da na mota. Kuma ka tambayi yaron me shi ma ya gano, mai yiwuwa tasu ta fi taku sabunta, wata matsalar da ke hana ka barci marigayi ya riga ya gyara ta a can.

In kun zauna ku gwada buɗe kwafin .dbf ɗin da LibreOffice ko dbfread na Python ku fitar da bayanan zuwa CSV, fayil mai sauƙi da manhajoji da yawa ke iya karantawa, don wata rana dole a yi ƙaura daga manhajar nan. A kan kwafi fa Auwal, kwamfutar shago kar ku taɓa ta.