Rawar Bale: Wasan Da Ba A Furta Ko Kalma Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya, kuma zan tafi ƙarin karatu birnin Mosko. Abokin da zai tarbe ni ya sayo mana tikitin kallon rawar bale mai suna Swan Lake a gidan wasa na Bolshoi. Wace irin rawa ce wannan, kuma mene ne ladubban zama a wurin?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bale wasan kwaikwayo ne da ake isar da labarinsa ta motsin jiki da kiɗa kaɗai. Ya samo asali a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ya bunƙasa a Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661, daga baya kuma Rashawa suka yi fice a kansa.

Wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha, Tchaikovsky, shi ne ya tsara kiɗan wasan da za ka kalla, kuma a Bolshoi ɗin aka fara nuna shi a 1877. Labarin wata gimbiya ne da boka ya mayar da ita farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, wani yarima ya kamu da sonta, sai aka yaudare shi da 'yar bokan wadda ta ɗauki kamanninta. Galibi mace guda ce take fitowa a matsayin su biyun. Tun da babu mai magana, ka karanta labarin tun a gida, in ba haka ba tsalle-tsalle kawai za ka gani. Ka kuma lura da ƙafafun matan, domin a kan tsinin yatsu suke tsayawa cikin takalmi mai taurin baki, har akwai inda 'yar wasan take juyawa sau 32 a kan ƙafa ɗaya.

Wanda ya saba da wasanninmu, inda 'yan kallo suke guɗa da liƙi, sai ya kame, domin can shiru ake yi, ba a kuma tafa hannu sai an kai ƙarshen wata gaɓa. Ya kamata in shaida maka cewa tufafin 'yan wasan matsattsu ne, kuma maza da mata suna rawa tare, saboda haka ka auna wannan tun kafin ranar. Idan ka yanke shawarar zuwa, ka yi shiga ta kamala, ka kashe wayarka, ka kuma isa da wuri, domin wanda ya makara yakan jira sai lokacin hutu kafin ya kai ga kujerarsa.