Makin gidan hutu na haɗaka: riba ko nauyi?

Malam, ka tambaya ko sayen maki, wato kason da kake mallaka a gidan hutu na haɗaka kana kama ɗaki da shi, ya fi kama otal duk shekara. Daɗinsa, ba a ɗaure ka da mako guda ba: ka raba makin, ka ajiye na bana, ko ka ranto na baɗi. Sai dai a Disney Vacation Club, ɗaya daga cikin masu sayar da irin wannan maki, gidan da ka sayi makinsa kaɗai kake kamawa wata 11 kafin tafiya, sauran sai wata 7.

Kuɗin kula da gini ke kayar da mutane. Ka je, ba ka je ba, sai ka biya, kuma kusan kowace shekara ƙaruwa yake. A yawancin kamfanoni, ranar sayarwa farashin faɗuwa yake warwas, don haka sayi na hannu. In ka riga ka sa hannu kan yarjejeniyar saye a jihar Florida ta Amurka, kwana 10 gare ka ka soke a rubuce.