Taquilla, recaudación da tarkon kalmar billón

Tambaya: Malam, ina fassara labaran fina-finai daga jaridun Sifaniyanci don wani shirin rediyo, kuma kwanan nan wani mai sauraro ya ƙaryata alƙaluman kuɗin da na karanta. Hankalina bai kwanta ba tun lokacin. Mene ne bambancin taquilla da recaudación, kuma a ina ake yawan kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmomin biyu ba su da wahala. Taquilla ita ce tagar sayar da tikiti, daga nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa kuɗin da aka tara a tagar, shi ya sa ake kiran fim ɗin da ya yi kasuwa taquillero. Recaudación kuwa jimillar kuɗin tikiti ce kafin gidajen sinima su cire kasonsu, wanda kan kai wajen rabi, don haka kada ka fassara ta da riba. Tikitin kansa entrada ne a Sifaniya, boleto a Meziko.

Inda nake zargin ka zame shi ne kalmar billón, kuma wannan kuskure ya ishe ni, domin kullum sai na ci karo da shi a rubutun masu kwasar labari su watsa a Facebook ba tare da sun buɗe ƙamus ba. Billón a Sifaniyanci miliyan sau miliyan ne, wato abin da muke kira tiriliyan. Biliyan ɗinmu kuwa su mil millones suke cewa, miliyan dubu ke nan. Akwai kalmar millardo da hukumar kula da harshen ta amince da ita a 1995, amma ba ta samu karɓuwa sosai ba. Saboda haka jaridar Madrid za ta rubuta cewa Avatar, fim ɗin 2009, ya tara fiye da 2.900 millones de dólares, kuma ɗigon nan na raba dubbai ne, ma'ana dala biliyan 2.9. Wanda bai sani ba sai ya karanta wa jama'a miliyan uku ba kaɗan, alhali kuɗin ya ninka haka sau dubu.

Abin takaici, wasu marubutan Sifaniyancin ma, musamman masu kwafo daga jaridun Amurka, suna rubuta billón suna nufin biliyan. Babu fim ɗin da ya taɓa tara dala tiriliyan ɗaya, don haka duk inda ka ga billón kusa da sunan fim, marubucin ne ya yi kuskure, kai kuma ka karanta biliyan bayan ka gwada adadin da wata jarida ta biyu.