Ƙaiƙayin gaba ya ƙi jin magani: wane man shafawa zan saya?

Tambaya: Wani magidanci daga Zariya ya ce kan mazakutarsa ya yi ja, yana ƙaiƙayi da ɗan farin dauɗa. Ya sha fluconazole sau biyu, ya shafa man "haɗi uku" na kemis, abin ya lafa ya dawo. Me zai sake saya?

Amsa: Malam, ka fara ajiye haɗi ukun nan. Duba jikin kwalin, in ka ga betamethasone ko clobetasol, to su ne ke kashe ƙaiƙayin cikin kwana biyu, amma suna raunana garkuwar wurin, suna sa fata ta yi siriri, ƙwayar cutar kuwa tana yaɗuwa a ƙarƙashi. Fatar gaba da ma ba kauri gare ta ba.

Yawancin irin wannan ciwo wata ƙwayar cutar fungas mai suna Candida albicans ce ke kawo shi, kuma tana jin man shafawa na clotrimazole 1% zalla, safe da dare, mako ɗaya zuwa biyu, ko ƙwayar fluconazole 150mg guda. In hakan ya gaza, akwai 'yan uwanta da ba a cika gani ba. Candida krusei ba ta jin fluconazole ko kaɗan, Candida glabrata kuma sau da yawa sai a hankali. Ido ba ya bambance su. Kuɗin da za ka ƙara zubarwa a kemis, kai shi asibiti a dangwali wurin da auduga a kai ɗakin gwaji, kuma ka roƙi a faɗi sunan nau'in. Ka daina shafa komai na 'yan kwanaki kafin nan, don kada awon ya fito wayam. In glabrata ce, likita kan koma ga nystatin.

A auna maka suga a ranar, kafin ka karya. Mai kaciya bai cika samun wannan ciwo a kai a kai ba sai da dalili. In awon sugan ya kai 126 mg/dL ko sama, alamar ciwon suga ce, wanda yana cikin dalilan. Magungunan suga irin su dapagliflozin da empagliflozin ma suna jawo shi, domin ta fitsari suke fitar da suga. A haɗa da gwajin HIV. In uwargida na da ƙaiƙayi, ita ma a duba ta, kuma ka sani clotrimazole na lalata kwaroron roba.

Tambaya: Ƙaiƙayin nawa a matsematsi yake. Nystatin ɗin zan saya?

Amsa: Duba da kyau tukuna. In tabon yana da baki mai tudu kamar da'ira, bai taɓa fatar maraina ba, makero ne, nystatin ba ya masa komai. Terbinafine ake shafawa, mako ɗaya zuwa biyu. In wurin ya yi jawur, da danshi, da ƙananan ƙuraje a gefe har kan maraina, Candida ce, clotrimazole ya fi dacewa. Kada ka wanke wurin da Dettol. Ruwa zalla, ka tsane bayan tsarki, ka sa gajeren wando na auduga.