Amsa: me ya sa ba a rataye ɗan fashin ba?

Malam, ka tambaya yadda aka yi mutumin da ya tare hanya da makami a wani ƙauyen Ingila ya ƙare a Ostareliya maimakon a rataye shi. A dokarsu ta wancan zamani, fashin hanya hukuncinsa kisa ne, amma sau da yawa akan sassauta zuwa kora daga ƙasar: ta shekara 7, 14, ko ta tsawon rai. Da can Amurka ake kai su. Bayan ta ɓalle daga mulkin Birtaniya aka koma tura su Ostareliya, daga 1787 har 1868.

Dubi Mary Bryant 'yar yankin Cornwall na Ingila. A 1786 aka yanke mata rataya a birnin Exeter saboda ita da wasu mata biyu sun yi wa wata mata fashi, har da hularta ta siliki. Aka mayar da hukuncin zuwa kora ta shekara 7. Kafin tafiya, a ruɓaɓɓen jirgin ruwa aka tsare ta. A 1791 ta gudu daga Sydney ta Ostareliya a ƙaramin kwale-kwale da mijinta da 'ya'yanta biyu, suka kai tsibirin Timor. Mijin da yaran duk sun rasu kafin ta iso gida. Wallahi duk lokacin da na tuna yaran nan sai raina ya sosu.