Amsa ga mai girki a tsibirin Penang

Wata baiwar Allah 'yar Daura ta rubuto mini daga tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, inda maigidanta yake karatun digiri na uku. Ta ce da zaman kaɗaici ya ishe ta, sai ta shiga gwada girkin gida da abin da ta samu a can. Maƙwabta sun sha zoɓonta sun yaba, har suna cewa ta riƙa sayar musu. Tana kuma son ta taho wa uwar mijinta da dashen furanni in za su dawo. Shin akwai matsala?

Ƙanwata, sannu da zaman baƙunta. Bari in fara da maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Takardar da kike zaune da ita ta iyalin ɗalibi ce, ba ta ba ki izinin aiki ko sana'a ba. Shi kansa maigidan, awa 20 a mako doka ta yarje masa, a lokacin hutu, shi ma sai da amincewar hukumar shige da fice. Takardarki kuwa a jikin tasa take rataye. Na san tsadar rayuwa, na san kunyar miƙa hannu kullum, amma wallahi ba na so karatun shekaru ya shiga haɗari saboda robar zoɓo. Ki ba maƙwabta kyauta, ki kai masallaci da azumi, kuɗi dai kada ki karɓa.

Girkin kuma kada ki bari. Shi ne ya fi faranta mini rai a wasiƙarki. Jan furen nan mai kunne biyar da kike gani a bakin hanya, wanda suke kira bunga raya, shi ne furen ƙasarsu tun 1960, kuma dangi ɗaya suke da zoɓonmu. Ki leƙa unguwar Indiyawa a George Town, babban birnin Penang. Zogale suna ce masa murungai, 'ya'yansa dogaye suka fi dafawa, don haka ki tambayi ganyen. Gero kambu ne a bakinsu. Ki sami garinsa, ki zuba citta da kanumfari da masoro, ki cura, ki dafa har ya taso, ki kirɓa. In babu turmi, muciya da ƙarfin hannu sun wadatar. Ki dama da yogot marar sukari mai tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar. Ba zai kai kindirmon da Fulani ke kawowa kasuwar Daura ba, amma zai kashe miki kwaɗayi. A yaren Malay, tsamiya asam jawa ce, kuɓewa bendi.

In daddawa ta ƙare, akwai belacan, wani curi na ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri. Ki gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa, ki gasa a busasshen kasko, ki buɗe taga domin warinsa da ƙarfi, sannan ki jefa a miya. Gishiri kuma ki rage.

Ki kula da laima, wato danshi. Kukar da ke shekara a gwangwani a ɗakin Inna, a can sai ta dunƙule ta yi fumfuna. Kuka da daddawa da yaji, duk ki ƙulle a leda ki sa a firji.

Dashen fure kuwa ki haƙura. Tsiro mai rai ba ya ƙetare iyaka sai da takardar lafiyar tsirrai, kuma jami'an killace kayan gona na iya karɓe shi a filin jirginmu. Ko ya tsira, abin da ya saba da ruwan sama kusan duk shekara zai sha wuya a zafin Afrilu na Daura. In kun dawo, ki saya mata mai jure fari wurin masu rainon itatuwa a nan Katsina.

Kafin nan ki riƙa tura mata hotunan furannin. Kun riga mu da awa 7, lokacin da kika idar da isha'i ita tana shirin azahar. Ki kira ta a wannan lokacin, ki nuna mata furar da kika cura, ki tambaye ta ko kayan yajin sun ji.