Tambayi Likita: Yaran da Ke Ji wa Kansu Ciwo

Wata uwa daga Zariya: Likita, ina yi wa 'yata mai shekara 14 kitso, sai na ga sawun yanka a jere a damtsenta, wasu sun warke, wasu sababbi. Ta ce ƙusa ce, kakarta ta ce aljanu ne.

Amsa: Hajiya, ƙusa ba ta yanka a jere. Yawancin yaran da ke haka ba mutuwa suke nema ba. Damuwa ce ta cika musu ciki, suka rasa bakin faɗa, sai zafin fata ya ɗan danne na zuciya. Sauƙin ba ya daɗewa, shi ya sa suke komawa. Don Allah kada ki daka mata tsawa, kada ki tara mata 'yan gida. Ku shiga ɗaki ku biyu, ki ce, "Na ga hannunki, ban yi fushi ba, me ke damunki?" Ko ta yi shiru, ki zauna tare da ita. A hankali ki bincika: tsangwama ce a makaranta, maganar auren da ba ta so, ko wani ne ke taɓa ta? Ki ci gaba da addu'a, amma ki kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, domin irin waɗannan yara sun fi saura haɗarin yunƙurin kashe kai.

Malamin makarantar kwana: Idan na tambayi ɗalibi ko yana tunanin kashe kansa, ba ni na cusa masa ra'ayin ba?

Amsa: A'a, Malam. Tambayar ba ta haifar da tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kira iyayensa a ranar.

Wani daga Maraɗi: Ƙanena ya sha Paracetamol da yawa bayan an yi masa faɗa. Mun ba shi madara, yanzu garau yake.

Amsa: Wannan "garau" ɗin ne ke tayar min da hankali. Paracetamol hanta yake lalatawa a ɓoye, alamun kan jinkirta kwana ɗaya zuwa uku, makarinsa kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Madara ba ta karya shi, manja ma haka. Ku tafi asibiti yanzu da kwalin maganin a hannu, sannan ku kulle sauran magunguna da maganin ƙwari da ke gidan.